Ruwan Direban Gobe

'Yan ajinmu da ƙannena, har da wasu manya da ya kamata a ce sun fi haka hankali, suna cewa tuƙa jirgin ƙasa mai kwal a kwamfuta ba aiki ba ne, danna madanni ne kawai ka zauna kana kallon hayaƙi. Ba na iya musu da mutane baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta. Na yi wannan aiki tun ina ƙaramar sakandare har na shiga babba, a zauren gidanmu da ke Ikara, a ƙarƙashin direban da ya tuƙa jirgin gaske, wato kakana mahaifin Baba. Wanda ya fi kowa raina aikin shi ne Yaya Nazifi, ɗan wan Baba da ke zaune a gidanmu. Tun da ya gama sakandare yake neman a goge wasan jirgin daga kwamfutar gidan ya sa na ƙwallo, domin ta tsufa, ba ta iya ɗaukar biyun. Da ya ishi Baba da magana, yana cewa ko yaron goye zai kai jirgin nan tasha, sai Baba ya ce to, in an gama saran rake a zauna, Nazifi ya ja doguwar tafiyar nan da ni da Kaka ba mu taɓa kaiwa a kan lokaci ba. In ya kai, ya goge. In ya kasa, kada a sake jin bakinsa.

Kafin in zo ga ranar, ku fara jin abin da ake shirin gogewa.

Kwamfutar wani kawunmu ne ya kawo ta daga Kaduna don mu riƙa gwajin jarrabawa. Murfinta ba ya tsayawa da kansa, sai an jingina shi da buhun masara, kuma madanni ɗaya ya ɓalle, sai da bayan biro ake danna shi. Wata rana bayan la'asar na buɗe wani hoto mai kan jirgi baƙi, na yi ta danne-danne, injin ya ɗauki wata ƙara kamar ana sussukar dawa da gaggawa. Kaka yana kan buzunsa a gefen ƙofa. Yanar ido ta rufe masa gani tun kafin in yi wayo, haske da duhu kawai yake bambancewa. Sai ya ɗaga kai ya tambayi wane sakarai ne yake kashe injin nan, ƙafafunsa suna ta juyawa a wuri ɗaya ba ya tafiya. Na duba hoton, haka ne kuwa. Ya ce in rufe tururi, in zuba yashi a kan layin don ƙafafun su kama, in kuma faɗa wa wanda ya ba ni jirgi cewa ba shi da imani.

Washegari na zo da murna zan fara tuƙi, ya miƙo mini tsumma. Shi ma, ya ce, da tsumma ya fara a shagon injuna na Zariya, yana shiga ƙarƙashin ƙarfe mai zafi yana goge baƙin mai, har sai da ya san kowane ƙusa da hannunsa kafin a bar shi ya taɓa shebur. Don haka in goge gilashin kwamfutar, in bi tsakanin madannai da tsinken tsintsiya, in naɗe wayar caji ba tare da na karya ta ba. Haka na yi ta yi, yaran gida suna dariya. Da ya ga ban gudu ba ya ƙara mini girma, ya sa mini suna Fayaman, wato mai zuba wa injin kwal. Har yau ba ya kirana da sunan yanka. Zangon karatu guda na yi injin yana tsaye a tasha ban motsa shi ba, aikina kawai in hura wuta, in tayar da tururi, in riƙe allurar agogon tururin a inda ya ce. Ku da kuke buɗe wasa ku ja jirgi nan take, ban ga wanda zai iya wannan zaman a cikinku ba.

Zuba kwal ba ɗura abinci ba ne. Ranar da na fara, na ga allura tana sauka, na danna shebur na yi ta zubawa har hayaƙi ya yi baƙi ƙirin ya rufe rabin hoton, ni kuwa ina jin na yi bajinta. Kaka ya tambayi launin hayaƙin, na faɗa masa. Ya ce madalla, na aika da kwal ɗin mutane sama, tsuntsaye sun gode. Wutar injin, in ji shi, kamar wutar mai kosai ce, kaɗan kaɗan ake ƙara mata, a kai a kai, a bi kusurwoyi, a rufe ƙofa da sauri kada iska mai sanyi ta shiga. In ka danne ta da kwal, shaƙewa take yi. In kuma ka hura ta fiye da buƙata, tururi ya yi yawa ya fashe da kuka ta saman tukunyar da ke dafa ruwan injin, wannan ma asara ce, kuma duk garin ya ji cewa fayaman bai san aikinsa ba. Sannan duk lokacin da ka tura ruwan sanyi cikin tukunya, allura sai ta faɗi, don haka dole ka san inda hawa yake tun kafin ka iso shi, ka sha ruwanka tun hanya tana shimfiɗe. Shi ba ya ganin komai, ni ce idonsa. Nakan karanta masa agogon tururi da gilashin da ke nuna ruwan tukunya da ƙarfi, kuma doka ta farko da ya kafa mini ita ce fayaman ba ya yi wa direba ƙarya a kan ruwa, ko da gaskiyar za ta jawo masa zagi.

Tashin farko da na yi da taragai masu kaya, a kunne muka yi shi. Kaka ya matso da kansa dab da ƙaramar lasifikar, ya ce in fara fesar da ruwan da ya kwana a cikin injin, sannan in buɗe tururi kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Sai ka ji taragai suna amsawa ɗaya bayan ɗaya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sarƙa tana miƙewa har ta kai na ƙarshe. Wanda ya fizga, ko dai ya tsinke sarƙa ko ya tarar da rabin jirginsa ya zauna a tasha yana jiran wani direban. Hanyar da ke cikin wasan ta wata ƙasa ce mai koren duwatsu da gidaje masu jan rufi, sunayen tashoshinta ba sa karantuwa a bakina. Kaka ya ce ba ya tuƙi a garin da bai san sunansa ba, ya raɗa musu namu. Tashar farko ta zama Saulawa, ta biyu Furana, dogon hawan da ke tsakiya ya zama hawan Janfalan, babbar tashar da ke bayansa Makarfi, ƙarshen layi Kudan. Na san babu layin dogo a Saulawa, amma har yau in na wuce ta a mota nakan duba in ga famfon da jirgi ke shan ruwa.

Wasan ba ya faɗa maka ko kayan wa ka ɗauko, rubutu ne kawai a gefe. Kaka shi ke cika sauran. In shanu ne, sai ya ba ni labarin fataken da ke hawa tare da dabbobinsu, su sauko a kowace tasha su zo wajen injin suna roƙon direba, don Allah malam a yi tsayuwa a hankali, saniya ta durƙusa ba ta tashi ba. In gyaɗa ce ko auduga, sai ya ce mai ita yana can yana jira bai san sunanka ba, ba kuma zai taɓa sani ba sai ranar da tartsatsin wutarka ya faɗa wa audugarsa. Ya fi tsanar masu zuwa da goro a hannu suna neman a ɗan ƙara gudu. Da kaya masu nauyi a bayanka, ya ce, gudu ba naka ba ne, nasu ne, a gangara su ke tura ka. Wata rana na taka birki da ƙarfi a Furana, sai ya ce in je in ba mutumin da ke tarago na baya haƙuri, na zubar masa da shayi a cinya. Babu kowa a taragon, na duba. Amma ban sake taka birki haka ba.

Hawan Janfalan shi ne inda ake gane mutum. Hawana na farko, gilashi ya nuna mini ruwa har wuya, na saki jiki. Muna kaiwa ƙololuwa injin ya sunkuyar da kai, ruwan nan ya ɓace daga gilashin kamar an tsotse shi, hoton ya tsaya, rubutu ya fito cewa na ƙona tukunya. Kaka bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi. Ya sa aka kawo masa kwalba da ruwa rabi, ya kwantar da ita a tafin hannunsa, ya ɗaga bakinta, ya sauke, ya ce in kalli inda ruwan ke gudu. A hawa ruwa baya yake komawa, wajen gilashi, ya yi maka ƙarya. A gangara ya gudu gaba ya bar saman wutar tsirara. Wannan, in ji shi, ko tsohuwar da ke ɗauko tulu daga rafi ta sani, sai 'yan makaranta ne ake koya wa da kwalba. Ya mayar da ni tsumma na mako guda, ya ce injin yana shago ana gyara shi.

Abin da ya sa ba ma kai jirgi a kan lokaci kuwa, ruwa ne. A kowace tasha akwai famfo mai dogon wuya da ake juyowa kan tankin da ke bayan injin. Kaka ba ya wuce ko ɗaya. Ko na ce masa tankin ya fi rabi, sai ya ce a tsaya, a daidaita bakin tanki da famfo, a cika. Dalilinsa shekarar fari ce, lokacin yana fayaman. Damina ta ƙi, rijiyoyin tashoshi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ba mai faɗa maka wanne famfo ne ya mutu sai ka iso ka juya ka ji iska. Mata suna jeruwa a bakin layi da ƙwarya suna jiran ɗigon da ke zuba daga injin. Direbansa a lokacin mutum ne mai son a yabe shi da sauri, ya wuce famfo mai ruwa yana cewa na gaba na nan. Na gaba ba ya nan. A tsakiyar daji suka kwashe wutar injin da shebur suka zubar a ƙasa don kada tukunya ta ƙone, suka zauna da taragan shanu a rana har wani injin ya zo ya ja su. Kaka ba ya faɗin abin da ya sami shanun. Yakan ce dai da ya zama direba bai taɓa wuce ruwa ba, kuma ba zai fara da tsufansa don wani agogon kwamfuta ba.

A ƙarshen layi ma ba a gama ba. In mun isa Kudan, kafin in kashe, sai mun ajiye taragai, mun kai injin famfo, mun cika tanki har baki, mun gyara wuta ta kwanta. Ka'idar aiki ke nan: ba a miƙa wa direban gobe injin da ƙishirwa. Duk wanda ya yi haka, a shago ba a zama da shi cin abinci. Wasan yakan rubuta mana cewa mun makara, ya ba mu maki kaɗan, Kaka ya ce in gaya masa ya riƙe makinsa ya sayi gyaɗa. Washegari in na buɗe, tambayarsa ta farko ita ce yaya ruwa. In ce cike yake, Kaka. Ya gyaɗa kai ya ce na jiya 'yan halak ne. Mu ne na jiyan, amma kullum sai ya faɗa. Ko daminar da aka yi wata da watanni babu wuta a unguwarmu, muna kai kwamfutar shagon caji muna karɓo ta da ɗan abin da ba ya kai mu ko'ina, ba mu taɓa barin batir ya mutu injin yana tsakiyar hanya ba. Gara mu yi gajeriyar tafiya mu cika tanki mu rufe.

Aka gama saran rake, motocin ƙarshe suka tafi kasuwar Makarfi, Baba ya sami zama. Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a zaure, ƙannena suka cika ƙofa, har abokan Yaya Nazifi biyu suka zo kallo. Yaya Nazifi ya zauna a wurina, ya jingina murfin da buhu, ya ce, "Tsoho, ka riƙe hularka da kyau, yau za ka ga tuƙi."

"Ni da ba na gani," in ji Kaka. "Amma zan ji, kuma kunnena ya fi idonka."

Abu na farko da Yaya Nazifi ya yi, ya shiga wani wuri a cikin wasan ya kunna abin da ke zuba kwal da tura ruwa da kansa. Na san da shi, Kaka ya hana ni taɓa shi tun farko, yana kiransa fayaman ɗin ragwaye. Baba ya ce bai hana ba a sharaɗinsa, don haka a ci gaba. Yaya Nazifi ya fizgi jirgin, ƙafafu suka yi ta juyawa a banza, Kaka ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya ce a kira masa mai injin ya yi masa ta'aziyya. Amma jirgin ya tashi. Ya wuce Saulawa ko usur bai busa ba. Ya wuce famfon Furana kamar bai gan shi ba. A hawan Janfalan na zuba wa gilashin ido ina jira, amma fayaman ɗin ragwaye ya riƙe masa ruwan daidai, ya haye. Tsayuwar da ya yi a Makarfi, da akwai shanu a bayansa da babu wadda za ta sauka da ƙafafunta. Abokansa suna ta tafi. Ya shiga Kudan da sauran lokaci, wasan ya rubuta masa maki cikakke, irin wanda ban taɓa gani ba duk shekarun nan, har da wasu taurari masu walƙiya.

Yaya Nazifi ya miƙe ya yi miƙa, ya ce a ba shi hanya ya goge. Baba ya kalli mahaifinsa, ya yi gyaran murya, ya fara cewa ai ba lallai sai yau ba.

Kaka bai kula shi ba. Ya ce, "Fayaman, yaya ruwa?"

Na leƙa. Na ce saura ɗan kaɗan a gindin tanki, ba zai kai injin ko bakin gari ba.

Sai ya yi dariya, irin wadda yake yi in ya kama mutum. Ya juya wajen da yake jin numfashin Yaya Nazifi ya ce to, angon gudu, ka kawo kaya, sannu. Yanzu wa zai karɓi wannan busasshen injin gobe da safe? Da wane ido za ka kalle shi?

Yaya Nazifi ya tsaya yana kallonsa, da gaske bai gane tambayar ba. Da ya gane, ya ce wace gobe kuma, ai in ka sake buɗewa tankin cike yake zuwa. Kaka ya ce ƙarya yake yi, cike yake zuwa don ana cika shi. Ni ma haka na sani, domin ban taɓa rufe wasan da tanki a bushe ba balle in ga yadda zai wayi gari. Yaya Nazifi ya durƙusa, ya rufe, ya sake buɗewa. Injin ya fito a tashar da ake tashi yana huci a hankali, kamar kullum.

"Karanta mini," in ji Kaka.

Na daɗe ina kallon wurin. Sannan na ce, "Cike yake, Kaka."

"Har baki?"

"Har baki."

"Wa ya cika?"

Yaya Nazifi ya ce babu kowa, haka aka yi shi. Ko ka ƙona tukunyar, ko ka kifar da jirgin a rafi, in ka dawo sabo za ka tarar. Ya faɗa yana dariya, amma babu wanda ya taya shi.

Kaka ya zauna yana shafa gwiwarsa. Ya tambaya ko ke nan babu wanda ke karɓar injin bayanmu, aka ce babu. Ya ce ashe duk tsayuwar nan da muke yi, babu wanda muke bar wa ruwan. Baba ya sake cewa a bar wasan, zai nemo wa Nazifi wata dabara. Kaka ya ɗaga masa hannu.

"Ka yi magana a gaban yara, kada ka janye. Nazifi, goge abinka. Jirgin da tankinsa ke cika kansa ai naka ne tun asali, ni ne na shiga wurin da ba nawa ba."

Yaya Nazifi ya goge. Bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a cika tanki ɗaya ba. Abokansa suka sulale, ƙannena suka watse, aka fara kiran magariba daga masallacin unguwa. Kaka ya laluba gefen buzunsa ya ɗauko butarsa, ya girgiza ta kusa da kunne. Ba ta yi ƙara ba.

"Wa ya yi alwala da butata ya ajiye mini ita haka?"

Yaya Nazifi ya karɓe ta daga hannunsa, ya nufi randa.